Muguntar Tabawa

Akwai shekarar da in ka shiga lungunan Al-Oud a birnin Riyadh ka tambayi gidan Tabawa, sai a ce maka, "Wacce? Mai waina, ko muguwar nan matar wanzami?" Mutum ɗaya ce. Ita kanta in aka tayar da zancen, dariya take yi har sai ta share ƙwalla da gefen mayafi, ta ce sunan na biyu ya fi mata daɗi, don ta fi shan wahala kafin ta same shi.

'Yar Ringim ce, kuma tun tana yarinya an san ba ta iya ganin aiki a hannun wani. In ƙanwarta ta ɗauki tsintsiya, kafin ta sunkuya Tabawa ta karɓe. Mutane suna yabon halin, amma in za a faɗi gaskiya akwai son iko a ciki, don gani take ba wanda zai yi abu daidai in ba ita ba. Da ta auri Idrisu wanzami, sai ta samu inda za ta juye halin nan gaba ɗaya. Idrisu mutum ne mai sanyi, mai son hira, mai son a yi masa. Ita ke goge masa zabira, ita ke jera masa asake, ita ke ajiye buta a inda ƙafarsa za ta sauka, ita ke fifita masa tuwo. Dangin mijin suna yi mata tsiya, wai saura ta tauna ta ba shi.

Sai da suka aurar da 'ya'yansu mata biyu sannan suka sami zuwa aikin Hajji, a shekarun da kuɗin fetur ya fara ambaliya a Saudiyya. Bayan an sauko daga Arfa Idrisu ya ji labarin Riyadh: gine-gine suna tashi ta ko'ina, leburori sun cika gari, kuma kowane lebura da kansa a wuyansa. Wani dattijo mai shagon turare a kasuwar Batha ya tsaya masa a matsayin kafili, wato mai lamunin baƙo, ya yi musu iƙama, takardar izinin zama, ya ba shi lungu a gefen shagon da kujera da madubi. Ba a daɗe ba Hausawa da 'yan Sudan da Yamalawa suka gane hannun Idrisu. Yana yi maka aski yana ba ka labari, har ya gama ba ka san aska ta taɓa ka ba. Tabawa kuwa ta sa aka kawo mata tanda daga gida, ta kafa suyar waina a ƙofar ɗakinsu na ƙasa, leburori suna saye kafin motocin kamfani su zo su kwashe su. Suna cikin rufin asiri, kuma ta san haka, tana godiya.

Wata safiya cikin tsananin zafi, Idrisu yana aske maƙwabcinsu Maiwada, direban tankar ruwa, sai aska ta suɓuce ta faɗi. Ya sunkuya zai ɗauka, hannun dama ya ƙi zuwa. Ya buɗe baki zai yi magana, bakin ya karkace. Nan take aka taru, wasu suna cewa iska ce ta buge shi, a kai shi gida a yi masa hayaƙi. Maiwada bai tsaya sauraro ba. Ya kinkime shi ya sa a gaban tanka, ya nufi babban asibitin da yake wucewa kullum, kansa rabi a aske, rabi da kumfar sabulu. Masu gadin asibitin sun daɗe suna ba da labarin wannan kai.

A can Tabawa ta same su, ƙafarta ba takalmi. Likitan da ya zo wajenta baƙi ne dogo mai sanƙo, ana ce masa Dakta Jibrin. Ɗan Sudan ne, amma kakanninsa Hausawa ne da suka yada zango a Mai Wurno a hanyar Makka, don haka yana jin Hausa, irin ta tsofaffi, mai ɗan karkata. Ya zaunar da ita ya yi mata bayani a hankali. Shanyewar ɓarin jiki ce. Jini ne ya daɗe yana hawa ba a sani ba, har wata jijiya a ƙwaƙwalwa ta toshe. Ya ce shi da abokan aikinsa gwamnati ta ware musu kuɗi suna bincike a kan wannan ciwo: suna so su ga abin da ke faruwa in an tayar da majiyyaci da wuri aka sa shi motsa jiki, aka kuma sauke masa jini da magani da rage gishiri. In sun yarda, Idrisu zai shiga cikin waɗanda ake bibiya. Idrisu ya gyaɗa kai daga kan gado, Tabawa ta ce ko me za a yi a yi.

"To, Hajiya," in ji likita, "a gida, wane abu yake yi wa kansa?"

Tabawa ta gyara zama. Wannan tambaya ce da take da amsarta. "Ba komai, likita. Ina raye?"

Dakta Jibrin ya shafa sanƙonsa. Ya ce mata hannun bai mutu ba, hanyar da saƙo ke bi zuwa gare shi ce ta lalace, kuma ƙwaƙwalwa tana iya fasa wata hanyar, amma sai in ana neman hannun da aiki kullum. Ya ce a ci gaba da addu'a, a sha magani, a bar kanwa, a rage gishiri, kuma ta daina yi masa abin da zai iya gwadawa da kansa. Ta ce to. Irin "to" ɗin da ake ce wa baƙo ne, don a ranta ta riga ta yanke cewa wannan likita bai san aure ba.

Da aka sallamo shi, gidan ya cika da 'yan dubiya. Hausawa ba su iya zuwa dubiya hannu rabbana ba, kuma a ƙasar baƙunta abin ya fi ƙarfi, don kowa yana tuna cewa gobe shi ne. Farfesu ya zo, kilishi ya zo, Rabi matar Maiwada kuwa kullum da kwanon kunun kanwa, wai yana warware jijiyoyi. Idrisu yana kishingiɗe a kan katifa kamar ango, Tabawa tana ba shi a baki, tana goge masa gemu, tana ɗaga masa hannun ta ajiye a kan matashi. Mata suna fita suna sa mata albarka. Kafilinsa ma ya zo da kwalin dabino, ya zauna ya yi addu'a mai tsawo. Da zai tashi ya faɗi abin da ya kawo shi, cikin mutunci: zai riƙe kujerar har bayan Babbar Sallah, lokacin sabunta iƙama. In hannu ya dawo, madalla. In bai dawo ba, sai dai a yi haƙuri a koma gida.

Ranar da suka koma asibiti, Dakta Jibrin ya ɗaga hannun Idrisu ya duba. Yatsun sun fara naɗewa ciki, sun fi ranar sallama tauri. Bai yi faɗa ba. Ya ce wa Tabawa ta biyo shi, ya kai ta bakin ɗakin da ake motsa jiki, ya nuna mata wani Bayamale magini da aka kwantar mako ɗaya da mijinta. Mutumin yana riƙe da kofin shayi da hannun da ya shanye, yana kai wa baki, rabi yana zuba a rigarsa.

"Nasa ya fi na Malam muni da farko," in ji likita.

"To me aka ba shi da ba a ba mu ba?"

"Ba komai, Hajiya. Shi ba shi da mata a garin nan."

Maganar ta soke ta. Abin da ta fi alfahari da shi a duniya, shi ne aka ce yana kashe hannun mijinta, kuma ta gani da idonta.

Washegari da la'asar, ɗaki cike da baƙi, Idrisu ya ce, "Tabawa, buta." Ta kawo buta, ta ajiye ta a damarsa, ɗan nesa da katifa, ta koma ta zauna. Ya dube ta, ta dubi bango. Baƙi suka dubi juna. Wani ya yunƙura zai miƙa masa, ta ce, "Don Allah bar shi, Malam zai ɗauka." Ya daɗe yana jan hannun kafin yatsunsa su taɓa mariƙin, da suka taɓa kuma butar ta kife, ruwa ya jiƙa tabarma. Tabawa ta sake cikowa, ta ajiye a wuri ɗaya.

Abinci ya fi wuya. Idrisu ba zai ci da hagu ba ko za a yanka shi, wannan ta sani, kuma da shi ta kama shi. Ta daina ba shi a baki. Ga tuwo, ga miya salam ba gishirin kirki, ga hannun dama. Loma tana tashi ta faɗo a hanya, ta sake tashi ta faɗo a gemu. Ita kuwa don kada hannuwanta su ci amanarta, sai ta zauna a kansu, a zahiri, tafukanta a ƙarƙashin cinyoyinta. Wata rana ya ture kwanon, ya ce da muryarsa da ba ta gama warwarewa ba, "Me na yi miki, baiwar Allah?"

"Ba na son komawa Ringim da kai a kwance, Malam," ta ce. "Ci tuwonka."

Ta fita bayan ɗaki wajen tanda ta yi kukanta, ta wanke fuska ta dawo.

Abin da ya fasa ƙwai shi ne kwanon Rabi. Ta kawo kunun kanwa kamar yadda ta saba, Tabawa ta yi godiya, ta ce likita ya hana, ta mayar mata da shi a cike. Duk wanda ya san mu ya san ba a mayar da kwanon dubiya a cike. Ko ba za a sha ba, a karɓa a juye, a wanke, a sa ɗan wani abu a ciki. Tabawa ta san wannan sarai, amma ta san in kunun ya kwana a ɗakin, Idrisu zai lallaɓa ya sha. Rabi ta fita ba sallama. Kafin mako ya zagayo, daga Al-Oud har Batha an ji cewa matar wanzami ta gaji da jinya, tana barin miji da yunwa, tana sa shi jan ciki wajen buta. Masu sayen waina suka ragu. A gidan biki in ta shiga, hira ta mutu. Abin ya yi mata ciwo ƙwarai, don mace ce mai son a yabe ta.

Amma hannun ya fara amsawa. Da fari ƙwallayen dabino yake tsincewa daga faranti zuwa kwano. Daga nan maɓallan riga, yana yi yana tsaki. Sai tafiya masallaci da sanda, tana leƙensa ta kafar ƙofa har ya sha kwana. A asibiti suna awon jininsa, suna gwada ƙarfin damƙarsa, jinin ya sauka ya zauna. Ranar da ya tambayi zabirarsa da kansa, Tabawa ta aika aka sayo kankana. Ta shafe ta da kumfar sabulu ta kafa masa ita a kan turmi. Ta farko ya yi mata kaca-kaca, suka yanka suka sha. Ta biyu ma haka. Sun sha kankana a wannan bazara har Idrisu ya rantse in ya warke ba zai ƙara kallonta ba. A nan ne dariya ta dawo ɗakin, don yakan gaishe da kankanar, ya tambaye ta iyali, ya ce ta ɗan sunkuyar da kai.

Zaman asibiti ya koya wa Tabawa abubuwa, kuma ita ba a koya mata abu ta riƙe a ciki. A lokacin Rabi tana da tsohon ciki, ita da Tabawa ba sa magana. Tabawa ta hango ta wajen shanya, ƙafafu sun kumbura, fuska ta yi suntum, tana dafe da kai. Ta yi kamar ba ta gani ba, ta shiga ɗaki, ta kasa zama. Ta fito ta faɗa gidan Maiwada, ta ɗauko mayafin Rabi daga kan igiya ta yafa mata.

"Tashi mu je a auna ki."

"Ni na ce miki ba ni da lafiya?"

"Ba ki ce ba. Ki ci gaba da fushinki a mota, ba na hana ki."

Da aka ɗaura mata abin awo a damtse, ma'aikaciyar ta sake aunawa, sannan ta fita da sauri ta kira likita. A ranar aka ba Rabi gado. An ce da an ƙara jinkiri, da ita da abin da ke cikinta sai yadda Allah ya yi. Ta yi kwanaki ta fito, ba ta ce wa Tabawa ta gode ba, amma an daina jin sababbin labarai a unguwa.

Ana saura kaɗan Babbar Sallah Idrisu ya koma kujerarsa a Batha. Tafiyarsa da ɗan ɗingishi, amma kankana ta ƙarshe ya aske ta tas ba ƙwarzane. Mutane suka yi ta zuwa barka. Kowa ya riƙe hannun ya jinjina, ya yi hamdala, in an nuna masa kujera kuma sai ya danna hularsa ya ce ai jiya-jiyan nan ya yi aski. Ba a taɓa ganin garin da kowa ya yi aski jiya irin wannan ba. Ba mugunta ba ce, tsoro ne, don aska a maƙogwaro ba abin gwaji ba ce. Har Maiwada, da ya ɗauke shi a tanka, sai ya zo ya yi hira ya zame.

Wata Juma'a bayan an sauko, Dakta Jibrin ya zo shagon da kansa, don sun ɗauki al'adar komawa wajen mutane su faɗa musu abin da binciken ya fara nunawa. Ya tsaya a bakin ƙofa, leburori sun kewaye shi. Ya ce cikin waɗanda suka bibiya, waɗanda aka tayar da wuri sun fi komawa kan ƙafafunsu, waɗanda suka riƙe magani suka rage gishiri kuma ciwon bai cika dawo musu ba. Ya ce hawan jini ba ya sallama, duk wanda ya fara manyanta ya zo a auna shi tun yana jin kansa garau. A ranar mutane da yawa sun miƙa damtse, an kuma sami waɗanda aka ce su zo asibiti. Amma kujerar Idrisu ba wanda ya zauna. Likitan ya so ya taimaka, sai dai ba shi da gashin da zai bayar. Kafili yana daga cikin shagon turarensa yana kallo.

Idrisu ya dawo gida ya rataye zabira, ya ce, "Hannu ya dawo, Tabawa, kawuna ne suka gudu." Ya yi dariya, ita ba ta yi ba. Wannan karon ba ta da dabara. Ta iya hana kanta taimakonsa, amma ba ta iya kamo ƙato ta zaunar a kujera.

Ana cikin haka Rabi ta sauka lafiya, ta sami ɗa namiji. Kowa ya ɗauka ranar suna za a ɗauko wani wanzami daga can wata unguwa, har Maiwada ya yi magana da shi. Ana gobe suna Rabi ta ce wa mijinta ba wanda zai taɓa kan ɗanta sai Malam Idrisu. Maiwada ya yi ta kwana-kwana, ya ce kan jariri fa ba kankana ba ne. Ta ce ta sani, ita ta haife shi.

Da hantsi bayan an raɗa suna, aka shimfiɗa tabarma a tsakar gidan Maiwada. Maza suka cunkushe a bakin zaure, kowa yana miƙa wuya, har da kafili da aka gayyato cin naman suna. Mata suna ta ƙofar ɗaki. Wata tsohuwa ta miƙa hannu za ta karɓi jaririn kamar yadda aka saba, sai Rabi ta wuce ta, ta zo gaban Tabawa da ke raɓe a bayan mutane.

"Yaya, ke za ki riƙe shi."

Tabawa ta zauna a tabarma, aka ɗora mata yaron a cinya, ta tallafe ɗan kan da tafukanta biyu. Idrisu ya durƙusa a gabanta, ya wasa aska a fata, ya jiƙa gashin da ruwan ɗumi. Da ya ɗaga askar, hannun ya yi rawa. Ta gani, kowa ma ya gani. Duk jikinta ya so ta kama wuyan hannun nan ta daidaita masa, amma hannuwanta suna ƙarƙashin kan ɗan mutane. Ta ɗago ta dube shi. Ya sauke numfashi, ya yi bismilla, ya sunkuya wajen kunnen jaririn.

"To, maigida," ya ce, "ya hanya? Ka iske mu lafiya?"

Aka yi 'yar dariya a zaure, aska ta sauka. Tana tafiya a hankali, gashin yana taruwa a gefenta baƙi sulɓi, yana yi wa yaron hira a kan tsadar tumaki da zafin Riyadh. Ya bi bayan kunne, ya bi ƙeya, ya lallaɓa maɗiga. Yaron bai ko farka ba. Da ya gama ya goge kan da tsumma mai laushi, tsohuwar nan ta karɓa ta juya shi a rana tana neman ƙwarzane, ta rasa, sai ta rangaɗa guɗa.

Tabawa ba ta tashi daga tabarmar ba. Tana nan zaune hawaye yana zuba, tana dariya, Rabi ta durƙusa ta rungume ta ta baya. Idrisu yana ƙoƙarin mayar da aska cikin zabira sai Maiwada ya ratso mutane, ya cire hula, ya zauna a gabansa ya sunkuyar da kai. Gashin ya yi tsawo har ya fara murɗewa. A bayansa wani ma ya cire tasa, sai wani, har layin ya fita zaure ya kai titi. Kafili ya leƙa ya ga iyakarsa, ya dawo ya ce a faɗa wa Idrisu ya buɗe shago da wuri gobe.

Idrisu ya dubi layin, ya dubi matarsa. "Hajiya," ya ce, "ruwan nan ya huce. Ko shi ma ni zan ɗumamo?"

Ta share fuska ta miƙe. "Wannan kam bar mini," ta ce, ta ɗauki kwanon ta nufi murhu.